Ranar da Kawu Ya Daina Musu

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, kamar yadda ta bar mu a nan. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a nemanka, ya tsare ka daga sharrin baƙunta. Yaya aiki, yaya haƙuri da mutane? Mu nan sai godiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana zagaya gida ba sanda, sai dai in ta ji sallamar baƙi ta ɗauko ta don a yi mata sannu. Auta ta gama jarrabawa, yanzu barci take kamar shi aka aiko ta yi duniya. Maigidana kuma an sauya masa wurin aiki zuwa kusa da gida, yana dawowa da sauran ƙarfinsa, sai yanzu muka gane ashe yana da hira. Na san za ka yi mamakin ganin rubutu alhali ga waya. To, maganar tana da tsawo, kai kuwa da an fara hira sai ka ce ana nemanka a wurin aiki. Shi ya sa na zauna na rubuta da hannuna, zan ɗauki hotonta in tura maka, kuma ina so ka karanta ta har ƙarshe kafin Asabar.

Ka san Baba da Kawu, ƙanen Umma, da musun nan nasu a kan masu horar da ƙungiyarmu ta ƙwallo na da. Amma tunda ka daɗe rabonka da falon nan, bari in tuna maka. Gwanin Baba shi ne Mai Sanƙo, wanda da zarar an ci ƙwallo ɗaya sai ya tattara kowa a baya ya kulle gida, 'yan kallo na hamma har a tashi, amma dai shi ya ɗauko mana kofi. Gwanin Kawu kuwa Ɗan Gayu ne, mai kwat da turare, wanda a zamaninsa ake taka leda mai ban sha'awa, mu ci uku a ci mu huɗu, kuma ko cokali bai kawo mana ba balle kofi. Baba, da yake bakanike ne, yakan ce darajar mota birki, duk wanda ya taɓa kwanciya ƙarƙashin motar da ta yi karo ba ya yabon gudu. Kawu kuma, da yake tela ne, sai ya ce ai buhu ma yana da ƙarko, amma bai taɓa ganin wanda ya sa shi ya fita unguwa ba. Mai Sanƙo ya daɗe da barin aiki, Ɗan Gayu ba wanda ya san duniyar da yake, amma a falonmu duk Asabar suna bakin aiki. Umma ta ce ita ma ta hanyar musu aka aure ta, domin Baba ya biyo Kawu ne daga filin wasa har gida don ya ƙarasa wata magana, ta kawo masa ruwa, ya sha ya ci gaba da maganarsa, sai a zuwa na gaba ya lura da ita.

To, kwanakin baya su biyun suka je aski. Mai Aski ya gama da rabin kan Baba ke nan sai Kawu, daga kan benci, ya ce wai kofin nan da ake cika mutane da shi ba komai ba ne illa gajiyar alƙalin wasa, bawan Allah ya ga in bai ba da fenareti ba barci zai ɗauke shi a tsaye. Baba ya miƙe da mayafin aski a wuya, ya kwashi mataji da kwalaben mai ya jera a kan tebur yana nuna yadda Mai Sanƙo ke tsara 'yan baya. Yana cikin bayanin kwalba ta huɗu jiri ya ɗebe shi, ya zauna daɓas a ƙasa. Haka aka kai shi asibiti, rabin kai fes, rabi da gashi. Likita ya ce hawan jini ne amma bai yi tsanani ba, ya rubuta magani, ya ce a rage gishiri a kuma guji ɓacin rai. Kawu ya fi kowa ruɗewa, takalminsa ma ƙafa ɗaya ya bari a shagon, amma da ya ga Baba ya buɗe ido sai ya ce masa to madalla, yau ga shi ya zama rabin gwaninsa.

Umma ba ta ga abin dariya ba. Da aka dawo gida ta ja Kawu kicin ta rufe ƙofa, ni ina ciki ina wanke-wanke. Ta ce masa in har ta zama bazawara saboda wani mai kwat da bai san da zamansa a duniya ba, to ba za ta yafe masa ba. Ta tuna masa goyon da ta yi masa da kashin da ta wanke masa, ta ce don darajar wannan ya yi mata alkawari daga yau duk abin da Baba ya faɗa ya ce haka ne. Kawu ya nemi a bar masa ko da maganar fenaretin, ta ce ko ita. Ni ma na sa baki na ce rigakafi ya fi magani. Ya yi alkawarin yana kallon tukwane, kamar su za su cece shi.

Asabar na zagayowa ya zo ya zauna a kujerarsa, ya yi gyaran murya, ya ce ya yi dogon tunani ya gano cewa Mai Sanƙo ya fi Ɗan Gayu. Yaya, da ka ga fuskarsa, sai ka ce maganin zazzaɓi ya tauna. Baba ya ce bai ji ba, a maimaita. Aka maimaita. Ya aika aka kira maƙwabcinmu mai kanti don ya zama shaida, ya sa na kira Mai Aski a waya aka sake maimaitawa. Ya ce shi dama ya san gaskiya ba ta tsufa, kuma ya yafe wa Kawu duk shekarun da ya ɓata a cikin duhu. Ranar ya ci abinci har da ƙari. Ni da Umma muka kalli juna muna jin mun iya dabara.

Daɗin bai je ko'ina ba. Asabar ta gaba Baba ya ce Ɗan Gayu bai san ƙwallo ba, Kawu ya ce haka ne. Ya ce 'yan wasansa rawa suke ba wasa ba, ya ce haka ne. Sai Baba ya gyara zama ya ce shi fa ko kwat ɗin nan da ake yabo, kafaɗarta a karkace take. Na ga jijiyar wuyan Kawu ta tashi, ya kama hannun kujera, ya kalli ƙofar kicin inda Umma ke tsaye da ludayi, ya ce haka ne. Aka kalli wasan ranar shiru kamar gidan makoki, ga shi mu muka ci. Baba ya daɗe yana kallon Kawu ta gefen ido. Daga nan Kawu ya fara tsallake zuwa, yau ya ce ɗinki ya yi yawa, gobe ya ce bayansa. Matarsa ta gaya mini maganar da ya haɗiye a gidanmu a shago yake amayar da ita. Wani mutum ya je awon wando, Kawu ya zagaya masa tef a ƙugu ya riƙe, ya shiga ba shi tarihin Ɗan Gayu, har mutumin ya ce a sake shi ya fasa wandon.

Shi kuwa Baba sai ya fara canzawa. Ya rage cin abinci, ya daina fita ƙofar gida, talabijin ma sai in an kunna masa. Wata rana da yamma na je gaishe su ya kira ni ɗakinsa, ya ce in tura ƙofa, ya ce in dubi Allah in gaya masa abin da likita ya faɗa mana a ɓoye. Na rantse ba abin da aka ɓoye masa. Ya yi murmushi ya ce ni yarinya ce, shi ya ƙare rayuwarsa a gareji. Ya ce in aka kawo mota mai sauran rai, bakanike faɗa yake da mai ita, ya ce masa ka yi ganganci, ba ka duba mai, ba ka jin magana. Amma in mota ta gama yawo, ba a musu da mai ita. Duk abin da ya faɗa sai ka ce haka ne ranka ya daɗe, ka goge masa gilashi, ka raka shi bakin titi da fara'a. Ya ce shi da kansa ya yi wa mutane haka ba adadi, don haka ya san abin da ake yi masa. Mutumin da ya yi musu da shi ranar aurensa da ranar da aka haife ka, in aka wayi gari yana ce masa haka ne, to an gaya masa wani abu.

Wallahi Yaya a nan dariya ta ƙare mini, tsoro ya kama ni. Baba ya sa aka kira tsofaffin yaransa na gareji ya raba musu kayan aikinsa, su sifana da filaya da jak ɗin nan da ko taɓa shi ba a yi. Ya fara neman gafarar mutane. Ya zaunar da Umma ya ce ta yafe masa duk abin da ya yi mata, tana kuka tana cewa ba komai, har ya zo kan babban filas ɗinta da ya fashe muna yara, wanda aka zane ka a kansa, ya ce shi ya ture shi. Nan take kukan ya tsaya, ta ce wannan kam sai ta yi shawara. Na mayar da shi asibiti, likita ya auna ya ce jini ya sauka, komai lafiya. Muna fitowa Baba ya ce in lura da yadda likitan ke ta murmushi yana dafa masa kafaɗa, shi ma goge gilashi yake. Wuyan rigar Baba ya yi masa yawa, ina kallo mutum yana zubewa a gabana ba ciwon komai. Garin neman gira muna shirin rasa ido.

Umma da ta ga haka ta aika wa Kawu cewa ta janye alkawari, ya zo ya yi musunsa son ransa. Ya zo da saurinsa, amma yana shiga ya ga yadda Baba ya rame sai tausayi ya kama shi. Ya zauna a bakin kujera ya ce, cikin ƙaramar murya, wai shi a ganinsa Ɗan Gayu ma dai ba laifi, in Baba bai damu ba, sannan ya tambaye shi ko a ƙara masa matashi. Baba ya dafa hannunsa ya ce Allah ya saka da alheri, ya gode da ƙoƙari, amma musun tausayi ba musu ba ne, kada ya wahalar da kansa. Ya ƙara da cewa in ta Allah ta kasance, rigar ƙungiya da ke cikin akwatinsa ta Kawu ce. Kawu ya fita bayan tankin ruwa ya yi kukansa, ya dawo ya ce ƙura ce ta shiga masa ido. An gudu ba a tsira ba.

Yanzu ga inda ka shigo, kuma ina roƙonka ka karanta da sanyin zuciya. Asabar ɗin da ta wuce muna zaune ana cin abincin rana, Baba na juya cokali, Kawu na kallon ƙasa. Ban san daga inda maganar ta zo mini ba. Sai ji na yi na ce, af, na manta, mun yi waya da Yaya, ya ce a can inda yake masana ƙwallo sun yi bincike, shi ma ya yarda da su, cewa duk tarihin ƙungiyarmu ba a taɓa yin koci kamar Tagumi ba, su Mai Sanƙo da Ɗan Gayu duk 'yan tayi ne. In ka manta, Tagumi shi ne wanda ya sayar da ɗan wasan gabanmu ya sayo masu tsaron gida biyu, ya zauna a benci hannu a kumatu tun farkon kaka har ƙarshenta, ya kai mu rukuni na ƙasa. Shi kaɗai ne mutumin da Baba da Kawu ba su taɓa saɓani a kansa ba. Za ka ce me ya sa ban ce ra'ayina ba ne. Ai da ni ce, dariya za su yi su ce ni Malama in koma ga allona. Dole sai kai, ɗan fari, wanda Baba ya riƙa saɓawa a wuya zuwa filin wasa.

Baba ya ajiye cokali ya ce in sake faɗa. Kawu ya cire tabarau ya ce abin da zaman nesa ke jawowa ke nan. Baba ya ce a bar ɗora wa nesa laifi, shi tun kana ƙarami ya lura ka ɗauko dangin uwa. Kawu ya ce a danginsu kaf ba a taɓa samun wanda ya yabi Tagumi ba, amma yaron da aka raina da kallon ƙwallon Mai Sanƙo, mutum goma sha ɗaya a tsaye a bakin raga kamar masu jiran mota, ai dole kansa ya taɓu. Baba ya buga tebur ya ce wa ya riƙa ɗaukarka zuwa shago yana cusa maka shirmen Ɗan Gayu, har ka kasa bambance wasa da rawa? Shi ke nan, wuta ta kama. Kawu ya manta da tausayi, ya miƙe tsaye, ya dawo da maganar fenaretin nan da gajiyar alƙali, har da ƙarin gishiri. Umma ta rugo da magani da kofin ruwa, na tare ta a ƙofa. Can cikin hayaniya Kawu ya nuna Baba da yatsa ya ce wallahi haka zai mutu bai san ƙwallo ba. Umma ta dafe ƙirji tana salati. Baba ya tsaya cak, ya kalle shi, sai ya fashe da dariya har da hawaye. Ya ce ba a gaya wa mai mutuwa haka, lallai motar nan da sauranta. Ya tura faranti ya ce a ƙaro masa abinci, wannan ya huce.

Washegari ya aika a karɓo masa kayan aikinsa, ya ce aro ya bayar. An dawo da komai ban da jak, wanda aka ba ya ce shi kyauta ya ji, yanzu haka ana kan wannan shari'ar. Rigar ƙungiya kuma ya ce Kawu ya cire rai. Na auna jininsa da na'urar da ka aiko, lafiya lau. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, to tawa dai ga shi har mun fara tsinka, Allah ya yafe mini.

Abin da nake roƙonka shi ne kada ka ƙaryata ni. Sun shirya za su kira ka ranar Asabar su biyu, Kawu ya ce shi zai fara, Baba ya ce ɗansa ne shi zai fara, an kusa awa ana wannan ma. Ka tsaya a kan Tagumi da ƙafa biyu. Na san aikin da wuya, ni ma na yi ta neman alherinsa da kyar na samo kaɗan. Ka ce shi ya fara ba yara matasa dama, ba sai ka ambaci cewa manyan ne suka ƙi buga masa ba. Ka ce ba a taɓa ba shi jan kati ba, tunda bai taɓa tashi daga zaune ba. Ka ce a zamaninsa ne magoya baya suka samu wurin zama a wadace a filin wasa. In sun yi maka ca, ka ce su tsofaffi ne, ƙwallon zamani ya wuce su. Kada ka ji nauyi, kuma don Allah kome za su faɗa kada bakinka ya kuskura ya ce haka ne. Na san tarbiyyarka, da Baba ya ɗaga murya sai ka sunkuyar da kai ka ba da haƙuri. Wannan karon biyayyar ita ce ka yi masa gardama.

Saura magana ɗaya, ita ce ma ta sa na kasa barin rubutun nan sai gobe. Jiya na je na same shi a ƙofar gida yana goge sifanoninsa, ya ce in zauna. Ya ce ya yi tunani a kan lamarinka, ya ga irin wannan lalacewar ba a gyara ta ta waya. Ya ce ka daɗe a inda ba mai gaya maka gaskiya, kowa na ce maka haka ne, shi ya sa ka koma haka. Wai in gaya maka ka nemi hutu ka zo gida, a zaunar da kai tsakaninsa da Kawu, ko wata guda ne, a kwance ka a sake ɗaurawa. Ya ce kada in rubuta cewa kewarka yake, shi gyara kawai zai yi. Yana faɗa yana goge sifana ɗaya da ta riga ta yi fes. Yaya, tun da ka tafi ban taɓa jin ya buɗe baki ya ce ka zo ba, kullum sai dai ya ce a bar ka ka yi nemanka. Na koma gida ina hawaye a hanya, ban san na daɗi ne ko na tausayi ba. Ban san yadda za ka yi da wurin aiki ba, amma zumunta a ƙafa take, ka duba ka gani.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, ka ce na gode da saƙon da ta aiko. Ka shafa mini kan Takwara da Ƙaramar Umma da Sarkin Rigima, Allah ya raya mana su. Umma tana gaishe ku, ta ce in gaya maka ta wanke ka daga maganar filas. Auta da maigidana da matar Kawu duk suna gaisuwa, har da Mai Aski. Kawu ya ce gaisuwarsa sai ka tuba. Baba ya ce shi ba ya gaisawa da mutumin Tagumi, amma tun safe ya aiko a tambaye ni ko na rubuta maganar zuwan naka, da rana ma ya sake aikowa.

Allah ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Ƙanwarka Malama